Babbaƙu da Farfaru: Yadda Aka Koya wa Yaro Kalma a Ƙasar Dutse

Wanda duk ya ratsa Yalwawa da hantsi, ya ji yaran firamare suna rera ba, be, bi, bo, bu a bayan malaminsu, yana iya zaton wannan tartibi Turawa ne suka zo da shi, alhali kuwa tun kafin a san boko a ƙasar Kano, wadda Dutse ke cikinta har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yanki Jihar Jigawa, malaman allo sun riga sun gano cewa ba a ɗora wa yaro kalma ɗungurungum sai an tsinka masa ita gunduwa-gunduwa.

Idan aka kai kolo gaban malam, akan fara masa da babbaƙu, watau haruffa tsiraru ba wasali, kowanne da laƙabin da aka yi masa da Hausa gwargwadon siffarsa, kamar lam jaye da ha ƙuri, domin idon yaro ya riƙe abin da kunnensa ya ji. Sai ya ƙware a nan za a shigar da shi farfaru, inda zai sadu da wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, ya yi ta haɗa baƙi da wasalinsa a allon da ake wankewa a sake rubutawa da alƙalamin gamba, har harshensa ya sake. Amma fa ma'ana akan jinkirta ta, gama sai bayan sauka, in ɗalibi ya shiga makarantar ilimi, sa'an nan yake cin karo da lugga a Ishiriniya, da nahawu a Ajurumiya, da sarafi, ilimin ƙirar kalma, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa masa Hisnur Rasin.

To, Hausar yaro fa, wa ya koya masa? Dandali ne da ɗakin kaka. A can yake tsintar kalmomi cikin tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, a can kuma 'yan mata ke yin zaurance, su mai da Kano kadanodo, abin da ba ya yiwuwa sai ga wanda kunnensa ya san iyakar kowace gaɓa, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, sai waɗannan koguna biyu, na allo da na dandali, suka fara haɗuwa, domin yanzu yaro yana haɗa baƙi da wasali ya ji kalmar da uwarsa ke faɗa ta fito daga takarda. Malaman elementare na farko, da yake galibinsu almajiran allo ne, suka taho da sunayen nan na baƙi da wasali suka ɗora wa haruffan Rumawa. Daga baya Rupert East da ma'aikatarsa ta Zariya suka tabbatar da ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafin Ka Koyi Karatu ya shiga azuzuwa, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya kai allon bango ƙauyukan da ba su taɓa ganinsa ba.

Abin da ya rage a yi wa Hausa shi ne sarafinta a aji, a nuna wa yaro cewa karanta da karatu da makaranta saiwarsu guda, haka noma da manomi. Malamin Yalwawa kuwa ba ya bukatar neman misali nesa, tun da sunan unguwar da yake tsaye cikinta yalwa ce aka ɗafa mata awa, irin wadda ke cikin Kanawa da Gobirawa, kuma yaron da ya gane wannan da kansa zai koma gida yana tsinka sunan kowane gari da ya ji.