Daga Keso zuwa "K": Taƙaita Dubbai a Lissafin Kuɗi a Ƙasar Kano

Taƙaita manyan lambobi tsohuwar al'ada ce a kasuwannin ƙasar Kano. A zamanin wuri, manomin Bichi ko Dambatta yakan ce zambar, wato dubu; wuri 20,000 kuwa keso ne. Da sulallan Turawa suka yawaita ta hanyar cinikin gyaɗa, sai aka riƙa kiran fam 100 jaka. Canjin kuɗi na 1973 ya mai da fam naira 2, shi ya sa jaka ta zama naira 200 a bakin dattawa.

Abin lura a nan shi ne harafin "k". A 1973 kwabo yake nufi. Yau kuwa dubu, daga kalmar kilo. Saboda haka 50k da ake rubutawa a albashi yanzu, a tsohuwar takarda rabin naira ce kawai.