Justin Rose

Justin Peter Rose (an haife shi ranar 30 ga watan Yuli, 1980) ƙwararren ɗan wasan golf ne na ƙasar Ingila. Ya lashe gasar US Open a shekarar 2013 da lambar zinare a gasar Olamfik ta 2016, kuma ya taɓa zama na ɗaya a jerin gwanayen golf na duniya.

Farkon rayuwa

An haifi Rose a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Iyayensa, Ken da Annie, sun koma Ingila yana ɗan shekara 5, inda ya tashi a yankin Hampshire. Mahaifinsa ne ya fara koya masa wasan, kuma ya goge a kulob ɗin North Hants.

Zamanin dagaji

A golf, ɗan dagaji shi ne wanda ke shiga gasa ba don kuɗi ba. Rose ya ci kofin Carris na samarin Ingila a 1995, sannan kofin St Andrews Links a 1997. A wannan shekarar ce aka zaɓe shi cikin tawagar Birtaniya da Ireland da ta kara da Amurka a gasar Walker Cup, yana da shekara 17.

Sunansa ya fito a gasar Open ta 1998 a filin Royal Birkdale. A rami na ƙarshe ƙwallonsa ta faɗa cikin ciyawa, amma ya ɗago ta daga nesa ta zarce cikin rami kai tsaye. Ya ƙare a matsayi na huɗu, aka ba shi lambar azurfa ta gwarzon 'yan dagaji. Washegari ya koma sahun ƙwararru.

Shiga sahun ƙwararru

Farkon bai zo masa da sauƙi ba. A yawancin gasannin ƙwararru kwana huɗu ake yi ana wasa, amma bayan kwana biyu sai a sallami waɗanda ke baya, su tafi ba ko sisi. An sallami Rose a gasa 21 a jere. Sai da ya bi ta gasar share fage kafin ya samu gurbi a gasannin Turai.

A 2002 ya ci gasa huɗu. Ta farko ita ce Dunhill Championship a garin haihuwarsa, Johannesburg, akwai kuma British Masters. A watan Satumban shekarar mahaifinsa ya rasu bayan fama da sankarar jini. A 2007 ya lashe Volvo Masters a Sifaniya, abin da ya sa ya ƙare kaka a kan gaba a jadawalin Turai. Nasararsa ta farko a gasannin PGA na Amurka ita ce ta Memorial a 2010.

Manyan nasarori

Ranar 16 ga Yuni, 2013, Rose ya lashe US Open a filin Merion da ke jihar Pennsylvania da bugu 281, inda ya ba Phil Mickelson da Jason Day ratar bugu biyu. A golf mai ƙarancin bugu shi ne ke yin nasara. Rabon da ɗan Ingila ya ci wannan gasa tun Tony Jacklin a 1970.

A gasar Olamfik ta 2016 a Rio de Janeiro, wadda aka dawo da golf cikinta karon farko tun 1904, ya jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya tak a ranar farko. Daga bisani ya doke Henrik Stenson na Suwidin ya ɗauki zinare. A Satumban 2018 ya zama na ɗaya a duniya, ya kuma ci kofin FedEx mai ladar dala miliyan 10.

Sau biyu gasar Masters tana kuɓuce masa a zagayen raba gardama: a hannun Sergio García a 2017, da kuma Rory McIlroy a 2025. A Agustan 2025 ya lashe FedEx St. Jude Championship yana da shekara 45.

Rose ya fara wakiltar Turai a gasar Ryder Cup a 2008. A ta 2012, nasarar da ya yi kan Mickelson a ranar ƙarshe ta taimaka wa Turai ta farke ratar da Amurka ta ba ta, har ta ɗauki kofin.

Iyali

Ya auri Kate Phillips a 2006, suna da 'ya'ya biyu. A 2020, lokacin da annobar korona ta dakatar da wasanni, shi da matarsa sun ɗauki nauyin jerin gasanni mai suna Rose Ladies Series domin mata ƙwararrun 'yan golf su samu inda za su fafata a Ingila.