Schepp: Sunan Jirgin Ruwa a Bakin Mennoniyawa

A ƙarni na 16, tsanantawa ta kori mabiya ɗariƙar Kirista ta Mennoniyawa daga Holand da kewayenta, suka yada zango a bakin kogin Vistula, kusa da Danzig, birnin Gdańsk na Poland ta yau. Sun gina madatsun ruwa, sun mai da fadama gonaki, bakinsu kuma ya rikiɗe zuwa Jamusancin mutanen yankin. Yaren da ya fito shi ne Plautdietsch, kuma a cikinsa jirgin ruwa sunansa Schepp.

Kalmar ta girmi yaren nesa ba kusa ba. Masana sun bi sawunta har zuwa skipa, a harshen da ya haifi Jamusanci da Turanci da Holanci. Tsofaffin mutanen Norway suna cewa skip, Holand schip, Ingila ship, Jamus kuwa Schiff. Wasu na ganin ma'anarta ta farko ita ce kututturen da aka rarake, tamkar kwalekwalen masunta.

Harafin ƙarshe ne ya fi ɗaukar hankalina. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, lafazin kudancin Jamus ya sauya: p ya koma f, t ya koma s a wurare da yawa. Mutanen arewa, mazauna gaɓar teku, ba su bi ba. Shi ya sa Bamennone yake cewa Wota inda Bajamushe ke cewa Wasser, wato ruwa. Wasalin tsakiya kuwa shi ne ya sauka daga i zuwa e, kamar yadda Fisch, kifi, ya zama Fesch. Don haka masu yi wa Plautdietsch kallon gurɓataccen Jamusanci ba su yi masa adalci ba. P ɗin Schepp ya riga f ɗin Schiff zuwa duniya.

Daga nan sai ƙaura. A 1789 Mennoniyawa suka kafa matsugunin Chortitza a gefen kogin Dnieper, bisa gayyatar Sarauniya Catherine ta Rasha. A 1874 jirgin International ya sauke rukunin farko na waɗanda suka baro Rasha a Manitoba ta Kanada. Wasu jikokinsu suka wuce Meziko a 1922, wasu suka hau kogin Paraguay har Puerto Casado, suka kafa matsugunin Menno a dajin Chaco a 1927. Yau dubban yara a Paraguay da Bolibiya suna tashi da kalmar Schepp a bakinsu, alhali ƙasashen biyu ba su da gaɓar teku.