Daga Atlas Zuwa Linux: Yadda Aka Koyi Taka-tsantsan da Adireshin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

A kwamfutocin farko, mai rubuta manhaja shi ke zaɓar inda kowane abu zai zauna a ƙwaƙwalwar inji. Idan ya ce a ajiye bayani a gurbi na 500, kai tsaye za a je gurbi na 500 ɗin da ke cikin ƙarfe, babu shamaki a tsakani. Wannan lamba ita ce adireshi na zahiri. Muddin manhaja ɗaya ce ke aiki, abin na tafiya lafiya. Da aka fara tara manhajoji da yawa a inji guda, sai kuskuren mutum ɗaya ya zama asarar kowa, domin babu abin da zai hana wannan ta rubuta a kan kayan waccan.

Maganin ya fito ne daga Jami'ar Manchester da ke Ingila, inda Tom Kilburn da abokan aikinsa suka ƙera kwamfutar Atlas, wadda ta fara aiki a 1962. Sun yanka ƙwaƙwalwa zuwa shafuka, kowane shafi kalma 512. Manhaja tana kiran adireshi, amma adireshin aro ne; inji ne ke dubawa ya ga wane shafi na zahiri ya dace da shi. Idan shafin ba ya cikin ƙwaƙwalwa mai sauri, sai manhajar da ke kula da injin ta ɗauko shi daga gangar maganaɗisu, ta sa shi a gurbi, aiki ya ci gaba ba tare da mai manhaja ya san an yi ba. Tun daga nan aka raba ƙananan manhajoji da adireshi na zahiri. Nauyin ya koma wuyan kenel, wato zuciyar babbar manhaja, wanda shi ke rubuta jadawalin shafuka, shi ke magana da na'urori.

Wannan dabara ta shigo kwamfutar kan tebur da furosesar Intel 80386 a 1985, mai shafukan kilobait 4. A kanta Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991. Tsarin da Linux ya zauna a kai daga baya mai sauƙi ne: cikin gigabait 4 na adireshin aro, manhajoji su ɗauki 3, kenel ya riƙe 1. A cikin rabonsa, kenel ya shimfiɗa ƙwaƙwalwar zahiri a jere, ta yadda idan ka ƙara wata tsayayyiyar lamba a kan adireshi na zahiri za ka sami na aro, idan ka debe ta ka koma. Sauƙin nan ya haifar da mugun sabo. Masu rubuta direbobin na'urori suka saba ɗaukar kowane adireshi a matsayin lamba kawai, su zuba shi a mazubi ɗaya na harshen C mai suna unsigned long. Amma lamba ba ta faɗin inda ta fito. Gida mai lamba 12 yana nan a kowace unguwa. Wanda bai san unguwar ba zai ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita aka aike shi ba.

Abu na farko da ya tona asirin sabon shi ne girman ƙwaƙwalwa. A wancan tsari, shimfiɗar kenel ba ta wuce megabait 896 ba, ga shi kuma furosesar Pentium Pro ta 1995 ta zo da adireshi na zahiri mai bit 36, wanda ke kai wa gigabait 64. A 1999 Linux ya sami hanyar amfani da ƙwaƙwalwar da ke sama da shimfiɗar: kenel ya ari taga ta ɗan lokaci da kmap, ya yi aikinsa, ya mayar. Sai dai a waɗannan injuna mazubin unsigned long bit 32 kawai yake ɗauka. A ce wata na'ura tana zaune a adireshin da ya haura gigabait 4 da bait 4096. Idan direba ya zuba wannan lamba a unsigned long, bit ɗin sama zai zube, a bar 4096 kawai. Babu kashedi, babu ƙara. Direban zai rubuta a can ƙasan ƙwaƙwalwa, a kan abin da ba nasa ba, injin kuma ya faɗi daga baya a wani wuri dabam, inda mai bincike zai sha wahala kafin ya gano tushen. Saboda irin wannan aka ware wa adireshi na zahiri nasa mazubin, phys_addr_t, a 2008, mai faɗaɗa daidai da injin.

Na biyu shi ne na'urorin kansu. Katin sadarwa ko faifan ajiya na iya rubutu cikin ƙwaƙwalwa ba tare da bi ta furosesa ba, kuma adireshin da suke gani nau'i ne na uku. A kwamfutar Intel ta gama-gari yakan zo daidai da na zahiri, shi ya sa kuskuren ke ɓuya. Da aka kai Linux kan injunan Alpha da SPARC, sai aka ga lambobin sun bambanta. Linux 2.4 na 2001 ya zo da ƙa'ida: direba ya nemi kenel ya ba shi adireshin da na'urar za ta gane, ya ajiye shi a dma_addr_t, ya sake shi idan ya gama. Haka kuma rijistocin na'ura sai an buɗe su da ioremap, a karanta da readl, a rubuta da writel. A 2003 Torvalds ya rubuta Sparse, manhajar da ke bin rubutun kenel tana tsegunta inda aka cakuɗa nau'in adireshi, shekara guda bayan haka aka ƙara alamar __iomem domin ta riƙa kama wanda ya taɓa rijista kai tsaye.

Daga nan magana ta tashi daga kuskure ta koma tsaro. Tun zamanin Unix akwai fayil ɗin /dev/mem, wanda ke buɗe wa mai iko dukkan ƙwaƙwalwar zahiri. Masu dasa ɓoyayyun manhajoji sun more shi, har aka taƙaita shi a 2008. A 2014 masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon da Intel suka nuna cewa yawan bugun layi ɗaya na ƙwaƙwalwa na iya juya bit a layin maƙwabta, abin da ake kira Rowhammer. Da masana a Google suka yi amfani da shi wajen ƙwace iko a 2015, Linux ya daina nuna wa manhajoji marasa izini lambobin shafukansu na zahiri, domin sanin lambar kaɗai ya zama makami. A Janairun 2018 kuma Meltdown ya bayyana. Injuna masu bit 64 sun ba kenel damar sake shimfiɗa dukkan ƙwaƙwalwa a rabonsa, sai ga aibi a furosesoshi da yawa, musamman na Intel, da ke bai wa ƙaramar manhaja damar leƙa wannan shimfiɗa. Dole aka raba jadawalin kenel da na manhajoji a Linux 4.15, aka haƙura da raguwar sauri.

Duk matakan nan hanya ɗaya suka bi: an daina dogara ga tunin mai rubutu, an ɗora wa inji aikin tantancewa. Shigar harshen Rust cikin Linux 6.1 a Disamban 2022 ci gaban wannan tafiya ce, domin a Rust ana iya ba kowane nau'in adireshi siffarsa, rubutun da ya cakuɗa su kuma ya ƙi haɗuwa tun kafin a kunna shi.

Kowace wayar Android da ke hannun jama'a kenel ɗin Linux ne a cikinta, kuma sirrin mai ita yana zaune ne a waɗannan shafuka. Don haka duk matashin da ke son shiga aikin kenel ya riƙe wannan da kyau: kafin ka taɓa adireshi, ka san nau'insa, ka sa shi a mazubinsa, ka bi ƙofar da aka tanada, ka mayar da abin da ka ara.