Lokacin Da Ƙanƙara Ta Rufe Sahara

Tarihin da muka karanta a aji na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. A wannan fitowa ina so in kawo muku wani tarihin da ya girmi ɗan Adam, wanda aka karanto daga jikin duwatsu: yadda masana suka gano cewa Sahara ta taɓa kwanciya ƙarƙashin ƙanƙara.

Labarin ya faro ne daga Siwizalan. A 1837 wani masani mai suna Louis Agassiz ya tsaya gaban taron masana a garin Neuchatel, ya ce manyan duwatsun da ake tsinta nesa da tsaunukansu na asali ƙanƙara ce ta janyo su, ba ambaliyar ruwa ba kamar yadda aka ɗauka. Da farko an ƙi yarda da shi, amma hujjojin sun tsaya. Ƙanƙara mai tafiya takan kankare falalen dutse ta bar zane dogo. Idan ta narke, takan zubar da laka da tsakuwa da ƙaton dutse a cakuɗe, alhali ruwa tantance su yake yi, manya daban ƙanana daban.

Bayan 1960, Faransawa masu neman man fetur a kudancin Aljeriya suka ci karo da waɗannan alamomi a kewayen tsaunukan Hoggar da Tassili. A 1970 masana daga ƙasashe dabam-dabam suka je suka gani da idonsu. Akwai irinsu a Libiya da Muritaniya, da tudun Jado a arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar. Zanen da ke kan duwatsun ya nuna ƙanƙarar daga kudu ta taso ta nufi arewa.

To, yaya aka san shekarunta? Tun 1911 Arthur Holmes na Ingila ya auna shekarun dutse da ma'adinin yuraniyom, wanda rabinsa ke rikiɗa ya zama dalma cikin shekara miliyan 4,500. Sai dai akwai matsala: tsakuwar da ƙanƙara ta kwaso ta girmi ƙanƙarar. Auna ƙwayoyin zirkon da ke cikinta yana gaya mana tsaunin da aka gutsuro ta, wato asalinta kawai. Don haka sai aka duba shimfiɗar dutsen da ke ƙasa da wadda ke sama, aka gwada burbushin halittun teku da ke cikinsu da na wasu ƙasashe inda aka auna tokar aman wuta. Lissafi ya tsaya a kan kimanin shekara miliyan 445.

Saura tambaya ɗaya: me ya kawo ƙanƙara ƙasar zafi? Maganaɗisun da ke daskare cikin tsofaffin duwatsu ya ba da amsa. A wancan zamani Afirka tana haɗe da Amurka ta Kudu da Indiya da Ostireliya a dunƙule ɗaya, kuma arewacinta yana daf da ƙurewar duniya ta kudu.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan a gare mu? Ni da nake aikin gwamnati na ga amfaninsa. Yashin da ƙanƙarar ta bari shi ne ma'ajiyar mai a yankin Murzuk na Libiya da gas a yankin Illizi na Aljeriya, kuma baƙar lakar da ta kwanta bayan narkewarta ita ce tushen man. Ƙasar da 'ya'yanta ba su iya karanta duwatsunta ba, baƙo ne zai gaya mata abin da ta mallaka, kuma shi zai yanke farashi.

Shawarata ita ce ƙungiyarmu ta ware wani abu daga asusunta don ɗaliban makarantarmu masu sha'awar ilimin ƙasa.