Kalandar Maya da girgizar ƙasa: daga ina zancen ya fito, kuma mece ce gaskiyarsa?

Kalandar Maya tsarin lissafin kwanaki ne na mutanen Maya, waɗanda ƙasarsu ta haɗa kudancin Meziko da Gwatemala da Beliz da wani sashe na Honduras da Salbado. Sunanta ya game duniya ne gab da ranar Juma'a 21 ga Disamba 2012, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa ta tsai da ranar tashin duniya. Ranar ta zo ta wuce, amma zancen bai mutu ba. Duk sa'ad da ƙasa ta girgiza a wani wuri, sai a sake ganin saƙonni a Facebook da WhatsApp, wasu da Faransanci, wasu an juya su da Hausa ko Zabarmanci, ana cewa mutanen dā sun riga sun faɗa, kuma girgizar alama ce ta cewa tunanin ɗan Adam zai shiga wani sabon mataki. Ga abin da aka tabbatar game da kalandar, da waɗanda suka ƙulla mata wannan magana, da kuma matsayin Nijar a sha'anin girgizar ƙasa.

Su wane ne Maya?

Al'umma ce mai daɗaɗɗen tarihi, wadda ta kai ƙololuwar ƙarfinta tsakanin shekara ta 250 da ta 900 miladiyya. Sun gina manyan birane irin su Tikal da Palenke da Kopan, suna da rubutunsu na kansu, suna ƙirga da ashirin-ashirin, kuma sun san sifiri. Bayan zuwan Sifaniyawa, wani limamin coci mai suna Diego de Landa ya sa aka ƙone littattafansu a garin Mani a shekarar 1562. Kaɗan ne suka tsira, mafi shahara cikinsu shi ne wanda ke ajiye a birnin Dresden na Jamus. Maya ba su ƙare ba. Miliyoyinsu na nan suna magana da harsunansu, kuma Rigoberta Menchu, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992, ƴar ƙabilar Kiche ce ta Maya.

Yadda lissafin yake

Ba kalanda ɗaya ba ce, uku ne ke tafiya tare. Ta farko, Tzolkin, tana da kwana 260, ita ce ta ibada da raɗin suna da zaɓen rana. Ta biyu, Haab, tana da kwana 365: wata 18 mai kwana ashirin-ashirin, da ƙarin kwana 5. Waɗannan biyu sukan koma mafari ɗaya bayan kwana 18,980, wato shekara 52.

Ta uku ita ce dogon lissafi, wanda sarakuna ke sa a sassaƙa a duwatsu domin tarihi. Kwana 20 suna ba da winal ɗaya, kwana 360 tun ɗaya, kwana 7,200 katun ɗaya, kwana 144,000 kuma baktun ɗaya. Lissafin ya fara ne daga ranar da ta yi daidai da 11 ga Agusta na shekara ta 3114 kafin haihuwar Annabi Isa. Baktun 13 sun zama kwana 1,872,000, kimanin shekara 5,125, kuma sun cika ne a 21 ga Disamba 2012. Abin ya yi kama da lambar kilomita a allon mota: idan ta cika sai ta juya, motar kuwa ta ci gaba da tafiya.

Me Maya suka ce game da 2012?

Kaɗan ƙwarai. Rubutu biyu aka samu da suka ambaci ranar kai tsaye: wani dutse a Tortuguero, cikin jahar Tabasko ta Meziko, da wani da aka gano a La Korona ta Gwatemala a cikin 2012 ɗin. Babu wanda ya yi maganar halakar duniya a cikinsu. A Palenke ma akwai rubutun da ya hango wata rana a shekara ta 4772 miladiyya, ya danganta ta da hawan sarki Pakal gadon sarauta. Wanda yake sa ran a tuna da sarkinsa bayan shekaru dubbai, ba shi da shirin tashin duniya a 2012.

Wa ya ƙulla zancen girgiza da farkawar tunani?

Marubutan Turai da Amurka ne na ƙarnin da ya gabata. A 1966 masanin tarihin Maya, Michael Coe, ya ambata a littafinsa cewa cikar baktun na 13 na iya nufin halaka a wurin Maya. Masana da suka biyo baya sun ƙi wannan fassara, amma ta riga ta fita. A 1987 Jose Arguelles, Ba'amurke, ya fitar da littafi yana cewa kalandar taswira ce ta ci gaban ruhin ɗan Adam, ya kuma kira jama'a su taru a wurare daban-daban ranakun 16 da 17 ga Agusta na shekarar domin tarbar sabon zamani.

Wanda ya fi tsara maganar shi ne Carl Johan Calleman, ɗan ƙasar Suwidin. A cewarsa tarihin halitta hawa tara ne, kowane hawa ya fi na bayansa sauri sau ashirin, kuma kowanne yana kawo sabuwar irin fahimta ga mutane. Ya ce hawa na tara kwana 234 ne, daga 9 ga Maris zuwa 28 ga Oktoba 2011. Ranar 11 ga Maris, kwana biyu da farawar, sai girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afka wa Japan, ta taso da igiyar tsunami. Masu bin ra'ayin suka ce ga hujja. Kafin nan fim ɗin 2012 na Roland Emmerich, wanda ya fito a 2009, ya riga ya cika idon mutane da hotunan birane suna tsagewa, har hukumar NASA ta fito tana amsa tambayoyin waɗanda suka tsorata. Ranar 28 ga Oktoba 2011 ta wuce, ta 21 ga Disamba 2012 ma ta wuce, babu wani abin da aka auna ya canza a ƙasa ko a halin mutane.

Me ke haddasa girgizar ƙasa?

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. Manyan falalen dutse ne da ke motsi a hankali, ƴan santimita a shekara, kusan saurin tsirowar farce. A inda biyu suka haɗu sukan cije, nauyi ya yi ta taruwa shekara ɗari ko fiye, har ranar da dutsen ya gaza ya zame gaba ɗaya. Wannan zamewar ita ce girgiza. Shi ya sa mafi yawanta ke faruwa a kewayen tekun Pasifik, da kuma layin da ya bi ta Bahar Rum da Turkiyya da Iran zuwa tsaunukan Himalaya. Ƙasar Maya kanta tana kan irin wannan mahaɗa: girgizar 4 ga Fabrairu 1976 ta kashe mutum kusan 23,000 a Gwatemala, kuma babu kalandar da ta gargaɗe su.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta ce a kowace shekara ana sa ran girgiza kimanin 16 masu maki 7 ko fiye. Wato kusan duk mako uku akwai babba guda a wani wuri. Nan ne sirrin masu hasashe yake: kowace rana mutum ya zaɓa, zai sami girgiza kusa da ita. Idan ta zo sai a buga ganga, idan ba ta zo ba sai a yi shiru. Hukumar ta kuma ce babu masanin da ya taɓa faɗin rana da wuri da girman wata babbar girgiza kafin ta faru. Abin da ake iyawa shi ne faɗin yankin da ke cikin haɗari, da gargaɗin ƴan daƙiƙoƙi bayan motsin ya fara, kamar yadda ake yi a Japan da Meziko. Batun cewa tunanin mutane na motsa duwatsun da ke kilomita goma ko ɗari a ƙarƙashin ƙasa kuwa, babu wani awo da ya nuna shi.

Abin da kalanda ke iya faɗa

Maya sun ƙware a duban sama. A littafin Dresden akwai jadawalin husufi da na fitowar Zahra. Wannan yana yiwuwa ne domin rana da wata da taurari suna tafiya bisa ƙa'ida mai maimaituwa. Mutanen Nijar sun ga misali ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da husufin rana cikakke ya ratsa ƙasar daga yankin Maraɗi har zuwa Bilma. Shekaru kafin nan an san ranar da sa'ar, har baƙi suka zo daga Turai domin kallo. Tsagewar dutse ba ta da irin wannan zagaye, don haka kalanda ba ta kama ta, ko ta Maya ce, ko ta Hijira, ko ta miladiyya.

Nijar da maƙwabtanta

Nijar na nesa da bakin falalen da ke gogayya, kuma yammacin ƙasar, inda Yamai take, yana gefen ɗaya daga cikin tsofaffin duwatsun nahiyar Afirka mafi natsuwa. Saboda haka babbar girgiza ba ta cikin manyan haɗurran da ke gaban birnin. Wannan natsuwa ta yi amfani ta wata hanya: a Torodi, kudu maso yammacin Yamai, akwai tashar sauraron motsin ƙasa ta ƙungiyar da ke sa ido kan haramcin gwajin makaman nukiliya, mai mazauni a birnin Biyena. Na'urorinta na jin girgizar da ta faru a can nesa, amma bayan ta faru.

Duk da haka yammacin Afirka bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Girgiza ta rusa gidaje a Akara ranar 22 ga Yuni 1939. Wata ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gine ranar 22 ga Disamba 1983. A Najeriya an ji ƙananan motsi a Kwoi ta jihar Kaduna cikin Satumba 2016, da Mpape a Abuja cikin Satumba 2018. A arewacin nahiyar kuma, girgizar Maroko ta 8 ga Satumba 2023 ta ci ran mutum kusan 3,000.

Jita-jita ma tana da tata ɓarna. A Janairu 2010, ƴan kwanaki bayan girgizar Haiti, wani saƙon salula ya zagaya Gana yana cewa ƙasa za ta girgiza cikin dare. Jama'a suka fito da yara da tsofaffi suka kwana a fili, babu abin da ya faru.

Tsoron cikar lissafi ba sabon abu ba ne

Duk lokacin da lamba ta kusa cika, zukata sukan ɗaga. Da shekara ta 1000 ta Hijira ta gabato, zancen ƙarewar duniya ya yi yawa har Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya yi wasiƙa da sarakunan Agadas da Katsina, ya rubuta risala yana nuna cewa al'umma za ta wuce dubun. Ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, wasu masu da'awar bayyanar Mahadi suka mamaye Masallacin Harami a Makka, aka yi asarar rayuka masu yawa. Malaman Musulunci sun haɗu a kan cewa sanin ranar tashin alƙiyama na Allah ne shi kaɗai, kuma malaman Kirista ma haka suke koyarwa.

Yadda za a auna saƙo kafin a tura shi

Tambaya huɗu sun isa. Shin saƙon ya faɗi rana da wuri da girman girgizar, ko kuwa cewa kawai ya yi wani abu zai faru? An rubuta shi kafin abin ya auku ne, ko bayansa? Sau nawa mai maganar ya yi hasashe bai faru ba? Kuma wace hukuma ce ta sa hannu a kai? Saƙon da ya gaza a nan, alheri shi ne ya tsaya a wayar wanda ya same shi.

Amfanin wannan tacewa shi ne kada kunne ya gaji da ƙarya har ya ƙi jin gaskiya. Haɗarin da Yamai ta sani shi ne ambaliya. A Satumba 2020 kogin Kwara ya kai kusan mita 7 a ma'aunin birnin, ruwa ya shiga Lamorde da Saga da wasu unguwannin bakin kogi. Wannan abu ne da ake iya hangowa, domin Hukumar Kogin Neja da cibiyar AGRHYMET, dukansu a Yamai, suna bin ruwan sama da hawan kogi, ana kuma fitar da sanarwa idan ya kai matakin haɗari. Idan irin wannan sanarwa ta fito, ita ce ta cancanci a kwashe kaya a bar gida dominta.