Wa ya ƙara, wa ya rage? Tarihin littattafai bakwai

Duk wanda yake aiki a masana'antun Bompai, Sharaɗa ko Challawa ya san hirar lokacin cin abinci. Ka zauna da ɗan ECWA ko ɗan Baptis, kafin a gama cin wake da shinkafa sai tambaya ta taso: me ya sa Littafi Mai Tsarki na Katolika yake da littattafai 73, nasu kuwa 66? Daga nan sai a buɗe maka Ru'ya ta Yohanna 22:18, inda aka yi gargaɗi a kan yin ƙari. Na sha ganin matasanmu sun yi shiru a nan, wasu har zuciyarsu ta soma raba biyu.

Littattafan da ake magana su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. Tun kafin haihuwar Yesu, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka juya Littattafansu zuwa Helenanci. Wannan fassarar, wato Saftuwajin, ita ce masu rubuta Sabon Alkawari suka fi ɗauko ayoyi daga cikinta, kuma tare da ita waɗannan littattafai suka iso hannun ikkilisiya. A 393 bishop-bishop suka taru a Hippo, ƙasar Aljeriya ta yau, a 397 kuma a Kartaj ta Tunisiya, suka jera littattafan da za a karanta a sujada, bakwai ɗin nan suna ciki. A ƙasarmu ta Afirka aka yi wannan, a zamanin Waliyi Agustin, wanda Bishop ɗinmu na Kano, John Namaza Niyiring, ɗan ƙungiyarsa ne.

Kada mu ɓoye abin da ke gaskiya. Waliyi Jerom ya yi shakkarsu domin ba sa cikin jerin Ibrananci na Yahudawa, kuma a kan hujjarsa masu gyara suka tsaya. Amma ko Martin Luther bai zubar da su ba. A fassararsa ta 1534 ya ware su tsakanin Tsohon Alkawari da Sabo, a matsayin masu amfanin karantawa. Majalisar Tirent ta 1546 tabbatar da tsohon jerin kawai ta yi. Fassarar King James ta 1611 ma da su ta fito.

To, yaya aka yi ba sa cikin na Hausa da muka taso muna gani? A 1826 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila, British and Foreign Bible Society, ta yanke shawarar daina buga su. Ita ce kuwa ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha wahala a kai. Muna gode wa Allah saboda wannan aiki, kakannin yawancinmu da shi suka koyi karatu. Sai dai 66 ɗin da ke ciki ya biyo shawarar da aka yanke a Landan fiye da shekara ɗari kafin nan.

Ayar Ru'ya kuwa, in ka karanta ta da kyau, a kan annabcin wannan littafin na Yohanna take magana. Masu cewa Sabon Alkawari bai ɗauko komai daga cikin bakwai ɗin ba, a tuna masu bai ɗauko daga Esta ko Waƙar Waƙoƙi ba, ba wanda ya cire su. Ku kuma gwada Ibraniyawa 11:35 da 2 Makabiyawa sura 7, labarin uwa da 'ya'yanta bakwai da suka zaɓi azaba saboda begen tashin matattu.

Abin ya wuce lissafi. A 2 Makabiyawa 12 ne Yahuza ya tara kuɗi aka miƙa hadaya domin sojojin da suka mutu, kuma nan ne ɗaya daga cikin tushen addu'ar da muke yi wa iyayenmu da suka rigaye mu a kowane watan Nuwamba. Ku karanta surorin nan biyu kafin taron zumunta na gaba, ku zo da tambayoyin da ake yi maku a wurin aiki.